Rakiyar 'Yar Fari Zuwa Masar

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. Matan unguwarmu ta Hubbare suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, a yi mini barka da zuwa, a ɗan leƙa ƙarƙashin gado ko da sauran tsaraba, sannan a miƙe ƙafa a ce, "To Adda Kulu, yaya ƙasar Fir'auna?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowacce in ta fita sai ta ƙara wa labarin gishirinta. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Asabe na ce ta rubuta sau ɗaya, mai son ji a karanta mata. Ni ban taɓa shiga aji ba. Ta ce za ta mayar da maganata Hausar littafi. Na ce ta mayar, amma abin da ya fito daga bakina a gaban mutane ta bar shi yadda ya fito.

Ba yawo na je ba. 'Yata ta fari na raka, wadda ke aure a Arkilla, malamar makaranta, uwar 'ya'ya huɗu. Ciwon daji aka gano mata a nono. Likitocin nan suka yanki ɗan nama suka auna, suka ce irin nata mai saurin tafiya ne, kuma akwai wani magani da ake haɗawa da wanda aka saba, samunsa a nan sai an sha wuya. Dangi suka yi abin da dangi ke yi, tafiya ta tashi. Saura mai rakiya. Mijinta ba zai bar aiki da yara wata da watanni ba, ƙanwarta kuma na da tsohon ciki. Ana cikin shawara sai na ji bakina ya ce, "Ni za ni. Duk cikinku babu mai ido."

A layinmu babu yarinyar da tafiyarta za ta canza ban riga uwarta sani ba, wannan an sani. Abin da aka ji nauyin tuna mini shi ne, akwai mutum ɗaya a duniya da idon nan nawa bai taɓa tsayawa a kanta ba, kuma ita zan je gadi.

Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. Yadda aka tashe mu, 'yar fari ana jin kunyarta. Ba kya kiran sunanta, ba kya kallonta ido cikin ido, ba kwa zama tabarma ɗaya. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ta tashi tana ce mini Adda kamar yadda ta ji ƙannena na faɗa. In ina da magana da ita sai in faɗa wa bango, ko in aiki wani. Ta haura arba'in muna a haka, ban kuma taɓa jin wani abu ya ragu ba.

Mota muka bi zuwa Kano, a can jirgin yake. Direba ya ce a fita da sassafe don a wuce dazukan Zamfara rana na sama. Mijinta, da zai raka mu filin jirgi, ya shige gaba ya bar mu biyu a baya. Sai na ɗauko buhun kayan miyata, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na dasa shi a tsakaninmu ya zama katanga. Wajen Talatar Mafara warin daddawa ya tayar mata da zuciya. Ta ce wa mijinta, "A ce ma Adda ko za a mai da buhun bayan mota." Ya juyo ya faɗa mini. Na ce wa direba, "A ce musu an jiya." Direban ya dube mu ta madubi ya ce, "Hajiya, in akwai ladan aike a motar nan ni ma sai in bar tuƙi." Ban yi dariya ba. Daga Gusau zuwa Tsafe kuwa shingen sojoji ne bayan shinge, kowa da carbinsa.

A filin jirgi na Kano muka fara shan kunya. Wata jami'ar shige da fice, Bakanuwa, ta karɓi fasfo ɗinmu ta dube ni ta dube ta.

"Baba, wace ce wannan a wurinki?"

"Tare muke."

"Na ga tare kuke. Yaya sunanta?"

"Shina nan cikin takarda. Ba ke ka karatu ba?"

"Da bakinki nake son ji."

Na ɗaga kai ina kallon rufi. Ashe akwai tsofaffin da ke kwasar mata zuwa ƙasashen Larabawa aikatau, kuma alamar da ake gane su da ita ke nan: tsohuwa mai tsare gida, ba ta san sunan wadda take ja ba, ba ta ko kallonta. Duk na cika sharuɗɗan. Aka fitar da mu daga layi, mutane na kallo. Ni da nake kama 'ya'yan mutane da ido, yau ni aka kama. Sai marar lafiyar ce ta matsa ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, mahaifiyata ce. Ni ce ta fari." Ta miƙa takardun asibiti. Jami'ar ta duba, fuskarta ta sauka, sannan ta yi murmushi ta ce, "Sakkwatawa. Ashe har yanzu akwai irinku." Na ce, "Muna nan, ba mu ƙare ba."

Jirgi bai san kunya ba. Kujerunsa a manne suke, kafaɗata na gogar tata. Na juya wa taga fuska har wuyana ya ƙage, na sauka Alƙahira ina kallon gefe ɗaya kamar kazar da aka murɗe.

Wadda ta tarbe mu tafintarmu ce, Hajja Nafisa, mace mai jiki da yawan dariya. Kakanninta mutanen ƙasar Sakkwato ne da suka tafi aikin Hajji a ƙasa suka yada zango a Sudan, yaƙi kuma ya koro ta Masar. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakata, har sai da na ji ƙwalla. Ita ta kai mu masauki, can saman wani dogon bene da ake hawa cikin akwatin ƙarfe. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, falo, da makewayi ɗaya mai ƙofa kamar takarda. Na bar wa marar lafiya gadon na shimfiɗa darduma a falo. Makewayin nasu na zama ne, da wani ɗan famfo a gefe. Na ce bari in ga na mene ne, na sunkuya na murɗa. Ruwa ya fito daga cikin masai ya same ni a goshi. Daga ranar na koma wa butata.

Mutanen ba su da laifi, sai dai ba su san a yi shiru ba. Mace na saman bene za ta zuro kwando da igiya, ta ƙwala wa mai shago kira, ya zuba mata kaya ta ja. Wake suke karyawa da shi kullum, da gurasa mai kama da faifai. Miyarsu ta alfarma kuwa da aka kawo mana ana ta yabo, ina ɗanɗanawa na ce wannan ai lalo ne, lalon da ke fitowa bayan gidanmu babu mai shuka shi. Maƙwabciyarmu Ummu Karim ce ta kawo, wata ƙatuwar mace mai 'ya budurwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan a ƙasar. Sai ka gan su a bakin ƙofa, uwa ta rungume 'ya tana sumbatarta, tana tsefe mata kai, kuma wai uwar ce ke ce wa 'yar "mama". Na tambayi Hajja ko 'yar auta ce. Ta ce ta fari ce. Na ce Allah Ya shirya.

Likitar da aka haɗa mu da ita gajeruwa ce mai furfura, tana magana da hannu biyu. Bayan an yi aune-aune ta zaunar da mu, tana faɗa Hajja na juyawa.

"Ta ce cikin jinin kowa akwai dakaru, ƙanana da ido bai gani, aikinsu su kashe duk baƙon abu. To cikinsu akwai wasu 'yan kaɗan da ba su faɗa. Nasu aikin tsawatarwa. In dakarun sun yi zafi, su ke cewa ya isa, wannan ɗan gida ne, a bar shi."

Na gyara zama na ce, "Waɗanga su ad da hankali." Don na ji kamar ni ake kwatantawa.

Likitar ta yi dariya da aka juya mata. "Ta ce gaskiyarki. Ba don su ba da jiki ya cinye kansa. Ko cikin wannan 'yar da kika ɗauka, suna cikin waɗanda suka hana jikinki ya kore shi."

Maganar ciki a gaban mai cikin. Na nemi fanka a rufi in kalla, babu.

"Amma ciwon nan wayo gare shi. Daga naman gida ya tsiro, sai ya kirawo masu tsawatarwan nan ya tara su kewaye da kansa. Dakaru su zo da shirinsu, a ce musu ku koma, namu ne. Shi kuwa yana ta girma."

Likitar ta juyo mana allon na'urarta ta nuna hoton irin wannan nama. Ni dai zanen atamfa na gani, shuɗi-shuɗi da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa. Ta ce ɗigon nan su ne.

Na ce, "To a kashe su mana, munahukkai." Hajja ta ce, "Adda, yanzu fa kika gama yabonsu." Na ce ta juya kawai.

Likitar ta ce ba a kashe su, mai jiki zai biyo su. Maganin da za a ƙara mata ta jijiya, tare da wancan mai zubar da gashi, sassauta wa dakarun linzami yake yi don su daina jin tsawa. Ba kowa yake yi wa aiki ba, su ma likitocin ba su gama sanin halin waɗannan halittu ba. Sannan ta daina murmushi. Ta ce dakarun da aka sake ba kullum suke tsayawa kan ciwo ba, wani lokaci su juya wa hanji, ko fata, ko huhu. In aka ga zawo, ko ƙuraje, ko tari, ko kasala ta fi ƙarfi, a ranar za a zo, ba washegari ba. Kuma ban da jiƙe-jiƙen gida. In an zo da wuri abu ne mai sauƙi, in an makara yana kisa.

"Ta ce wa ke kwana da ita?"

"Ni."

"Ta ce za ki iya tambayarta kowace safiya, sau nawa ta kewaya, yaya ya fito? Ki duba mata baya da ƙirji?"

Na ce, "Hwaɗa mata a Sakkwato an san ni."

A Sakkwato an san ni. A falon nan kuwa, washegari da safe, na tsaya a ƙofar ɗaki bakina ya ƙi buɗuwa. In tambayi 'yar fari bayan gidanta? Sai na ƙirƙiro dabara, har ina yaba wa kaina. An sa mini hoton Hajja a waya, in na danna fuskarta sai ta ɗauka. Kowace safiya in kira ta can wani gefen birni in ce ta tambayi mai ɗaki. Ta kashe, in ji wayar ɗaki ta yi ƙara, in ji ana cewa "lahiya lau", sannan tawa ta yi ƙara Hajja ta ce mini lafiya lau. Tambaya ta ƙetare kogin Nilu ta dawo, tsakaninmu kuwa ƙofa ce.

An yi ƙarin ruwa na farko da na biyu a haka. Gashinta ya zube, na gane ne daga tsintsiya. Likita ta taɓa kumburin ta ce ya fara laushi. Bayan na uku sai na fara ganin abubuwa. Ana yawan shiga makewayi, kuma in an shiga sai a saki famfo ya yi ta zuba. Kowace salla da sabuwar alwala, ita da kan riƙe ta azahar har la'asar. Kwanon abinci na fitowa yadda ya shiga. Hajja dai na ta ce mini lafiya lau.

Idona ya gani, amma na ba shi wata fassara mai sauƙin ɗauka. Na ce lalon Ummu Karim ne. Na ɗauki kwanonta na je na buga mata ƙofa, na yi mata faɗa da Hausa tsantsa ina nuna ciki. Ta saurara har na gama, ta sumbace ni kunci biyu, ta shiga ta ciko kwanon. Na dawo na tono bagaruwa, maganin zawo, a ƙasan buhuna na jiƙa, na kai ƙofar ɗaki na ajiye. Ina juyawa na tuna gargaɗin likita. Na ɗauke, na ga zubarwa asara ce, na shanye. Cikina ya ɗaure, sai da na yi mako ina neman abin da marar lafiya ke gudu.

Ranar da abin ya ƙare, bayan azahar ne. Ta fito daga makewayi tana dafa bango, ta tsaya tsakiyar falo kamar ta manta hanyar ɗaki, sannan ta wuce. Na bi ta na tsaya a ƙofa, na ce wa ƙyauren, "A tambayi masu ɗakin ga ko cikinsu lahiya."

Daga ciki aka ce, "A ce mata lahiya lau."

Muryar ce ba ta yi mini ba. Ta bushe, kamar ana jan kara a ƙasa. Na tsaya ina jin yadda wani abu a ƙirjina ke ce mini koma, ba a yi, ba a taɓa yi ba. Shekara arba'in ina jin maganarsa. Na tura ƙofar.

Na zauna a bakin gadon. Ta zabura za ta sauka ƙasa, na riƙe ta. Na kama haɓarta na juyo fuskar. Idanun sun faɗa, leɓe ya tsage. Akwai wani ɗan tabo a girarta ta hagu, tsoho, ban san da shi ba, ban san ranar da ta same shi ba.

"Sau nawa yau?"

Ta runtse ido. "Adda."

"Ni nit tambaye ki, ba bango ba. Sau nawa?"

Ta faɗa. Yatsun hannu biyu ba su isa ba.

"Da jini?"

Ta gyaɗa kai. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "In sunka ji za su tsai da maganin. Kuma shina aiki, Adda, na taɓa na jiya. Ƙaramin nawa ko aji ɗaya bai shiga ba. Ki bari in daure."

Na ce, "Daurewa ni nik koya miki ita, kuma yau na karɓe abina. Tashi."

Na kira Hajja, ta ce mu kama hanyar asibiti za ta same mu a can. Ni ba Larabci sai na salla. Ƙofar da na je na yi wa faɗa ita na koma na buga. Ummu Karim na ganin fuskata ba ta nemi tafinta ba. Ta leƙa ta taga ta ƙwala kiran da ya tsayar da motar haya, ta shigo ta ɗauki 'yata kamar jaririya, ni ina biye da takalma. A motar ta rungume ta tana shafa mata kai tana "ya mama, ya mama". Na ga hannun 'yata ɗaya a sake. Na ɗauka na riƙe, ina kallon titi.

Hanjin ne. Dakarun sun juya masa, kamar yadda aka faɗa. Aka kwantar da ita, aka yi ta ƙarin ruwa, aka ba ta wani magani mai kwantar da dakarun. Wato masu tsawatarwan da na ce a kashe, yanzu aikinsu ake nema ido rufe. Likita ta tsayar da ni a baranda ta wanke ni tas. Hajja na juyawa tana rage zafi, na ce kar ta rage, na ga hannuwan matar. Ta ce da an ƙara kwana biyu hanjin na iya hujewa. Ta ce ke da kika ce an san ki. Rabon da a yi mini faɗa ina tsaye ina kallon ƙasa tun ina amarya.

Abin da 'yata ke tsoro ya faru, an dakatar da maganin da ke sakin dakarun. Ta yi kuka, ni kuma ban iya lallashi ba, sai na zauna kusa ina ɓare mata lemo har ya yi tsibi. Aka ci gaba da ɗayan maganin, mai zubar da gashi. Ni kuwa na kama aikina gadan-gadan. Kowace safiya in tambaya, in ɗaga riga in duba baya, in sa ta yi numfashi in saurara, in kai wa ma'aikatan jinya rahoto da yatsu. Har suka sa mini suna da Larabci, Hajja ta ƙi juya mini.

Da lokacin aiki ya yi aka cire nonon. Likita ta ce abin da suka tarar ya ragu ƙwarai, ɗan aikin da dakarun suka samu yi kafin a tsayar da su bai tafi a banza ba. Ba ta ce an warke ba. Ta ce a riƙa dawowa awo, kuma dakarun da aka taɓa saki suna iya tashi ko bayan watanni, don haka kar in rufe ido. Dalar Fir'auna da kuke tambaya, a hanyar filin jirgi Hajja ta nuna mini wani abu can nesa cikin hazo. Ƙila ita ce.

Da muka dawo kowa ya koma gidansa, na ɗauka kunya ma za ta koma mazauninta. Ranar Juma'ar nan ɗakina cike da tsofaffin unguwa, sa'o'ina, waɗanda ko sunan 'ya'yansu na fari aka ambata sai su rufe fuska. Sai ga 'yar tawa ta sauka daga keke-napep, ta yi sallama, ta durƙusa can bakin ƙofa inda ta saba, ta gaida bango. Na dubi matan, na dube ta. Ta ɗan rame mini.

Na ce, "Matso nan. Sau nawa yau?"

Wata ta ƙware da goro. Wata ta fara laluben takalminta.

Ta matso har gwiwarta ta taɓa tabarmata, ta dube ni cikin ido ta ce, "Ɗaya, Adda. Ke hwa?"

Na faɗa mata.